Yadda zaku haɗa wasan kwaikwayon da masu matsala ke yi da kansu, a unguwa ko a ƙauye

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san tashe. Azumi ya kai goma, yara sun fito da gemun auduga da tsummokara da gwangwanaye, 'yan mata na Mairama da Daudu suna kwaikwayon zaman aure, manya na ta dariya amma kowa ya san da wa ake. Haka wasan gauta da matan fada ke yi su kwaikwayi sarki da hakimai da fadawa, har sarki ya ji abinda ba mai iya faɗa masa a zaure, haka kalankuwa bayan an kai amfanin gona gida, samari su naɗa nasu sarkin da alƙali da dogarai. To kunga abinda zan yi bayani ba baƙo bane a wurinmu, mun daɗe da sanin cewa maganar da baki ya ji nauyin faɗa, wasa zai faɗe ta. Abinda nake so in ƙara kawai shine hanyar da za'a bi a tsara shi da gangan, ya zama mutanen da ake dannewa, manoma ne ko 'yan dako ko masu aikatau ko mata masu abincin saidawa a tasha, sune zasu shirya wasan su buga shi su kuma nemi mafita a cikinsa, ba wai wasu su zo daga birni su yi musu wa'azi su tafi ba.

Mutumin da ya fi kowa tsara wannan hanya a rubuce ɗan ƙasar Burazil ne, Augusto Boal, an haife shi 1931 ya rasu 2009, shi ya sa mata suna wasan kwaikwayon waɗanda ake zalunta. Kuma ba daga sama ya fara da ita ba, sai da ya ji kunya tukuna. Shi da kansa ya sha ba da labarin wani zuwa da suka yi arewa maso gabashin Burazil shi da 'yan wasansa na birnin Sao Paulo, suka yi ma talakawan manoma wasa riƙe da bindigogin katako suna waƙar cewa a zubar da jini a ƙwato ƙasa. Ana gamawa wani manomi mai suna Virgilio ya zo cike da murna yace tunda ra'ayinmu ɗaya, ku ci abinci mu tafi tare mu far ma mai gonar da ya ƙwace filin ɗan'uwanmu. Suka ce ai bindigogin namu na wasa ne, yace ba komai akwai na gaske da zasu ishi kowa, suka ce ai mu 'yan wasa ne bamu iya harbi ba. Nan manomin ya gane, yace musu ashe jinin da kuke cewa a zubar namu ne ba naku ba. Wannan magana ita ta juya Boal, kuma ita nake so ku riƙe kafin ku tara ko mutum ɗaya: kar ka tura mutane inda kai bazaka bi su ba.

Su wa zasu yi wasan

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In matsalar ta 'yan garuwa ce to 'yan garuwa ne 'yan wasan, in ta zawarawa ce zawarawa ne, kai da ka yi karatu ko ka iya dirama aikinka ka taimaka da tsari ne kawai, ka tambaya, ka riƙe lokaci, ka rubuta abinda aka ce. Wannan darasi ba sai mun je Burazil ba ma, a nan Zariya aka koye shi. A Jami'ar Ahmadu Bello an fara koyar da wasan kwaikwayo a 1975 ƙarƙashin Michael Etherton, ɗalibai suka fara shiga Samaru suna jin damuwar mutane suna mayar da ita wasa, daga nan aka fita ƙauyuka, aka yi Wasan Manoma a Soba a 1977, aka je Maska, aka je Bomo. Da farko ɗalibai ne ke zuwa su yi tambayoyi su koma makaranta su haɗa wasa su dawo su nuna, manoma su kalla su tafa su watse. Malaman irinsu Salihu Bappa da Brian Crow da Oga Steve Abah da kansu suka lura cewa wannan bai isa ba, sai manomi ya shigo fili ya buga wasan da bakinsa sannan abin ke zama nasa. To ku kar ku maimaita zagayen da suka riga suka yi muku, ku fara daga inda suka kai.

Mutum takwas zuwa goma sha biyu sun isa. In suka wuce haka surutu zai yi yawa wasu kuma su zama 'yan kallo tun a gwaji. Ku nemi wanda ya iya ban dariya, da mai murya ko mai kalangu in akwai, da dattijo ko dattijuwa ɗaya da ake jin maganarsu, sabida ranar da magana ta tashi a gari su zasu tsaya muku. Kuma dan Allah kar ku sa wanda yake da iko akan sauran a cikin zaman farko, misali shugaban ƙungiyar da ake kuka da shi ko mai gidan da ake ma aiki, yana zaune kowa zai ce lafiya lau.

Zaman sauraro

Zama biyu ko uku na farko ba wasa za'a yi ba, hira ce. Ku zauna a da'ira a ƙasa, kowa kan tabarma ɗaya, ba mai kujera. Tambayar da ke buɗe baki ba "menene matsalolinku" bace, wannan tambayar 'yan siyasa da 'yan ƙungiyoyi sun gama lalata ta, kana yinta za'a karanto maka ruwa, hanya, asibiti, makaranta. Ka ce: wa zai bamu labarin wata rana da aka yi masa abinda ya ci masa rai, ya so yayi magana amma ya haɗiye? Rana ɗaya, wuri ɗaya, mutum ɗaya da ya tsaya gabansa. Zaka ji shiru na ɗan lokaci, kar ka cike shirun da surutunka, ka bari. Wani zai fara, kuma da ya fara zaka ga kawuna na gyaɗawa, wani yace wallahi nima haka aka yi min bara. Labarin da ya fi sa mutane cewa "nima" shine labarin wasanku, ba wanda ya fi ban tausayi ba.

Bari in ɗau misali ɗaya mu tafi da shi har ƙarshe. A ce manoma ne, labarin da ya fito kuma na rabon takin zamani ne: an rubuta sunaye tun kafin ruwa ya sauka, an karɓi hoto da lambar waya, mutum ya saida ɗan akuyarsa ya tanadi kuɗi, ranar rabo ya wuni a layi aka ce ya ƙare, washegari ya ga buhunan kamfa da yuriya iri ɗaya a kasuwa da tsada, masararsa kuma tana can tayi jawur.

Kafin a fara magana a wasa akwai wata dabara ta Boal da nake matuƙar so, sabida tana taimakon masu kunya. A ce ma mai labarin ya ɗauki mutum uku ko huɗu ya tsayar da su kamar hoto, ba magana ba motsi, ya nuna yadda abin ya kasance: wannan na zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, wancan ya durƙusa da hula a hannu, wani ya juya baya yana kallon gefe. Sai a tambayi sauran me kuka gani? Wa ke da iko a nan? Wannan da ya juya baya fa, waye shi, me yasa ya juya? Sau da yawa a nan ake gano cewa labarin ba na mutum biyu bane, akwai na uku da ya gani yayi shiru, kuma wannan na ukun shine ƙofar da mafita zata shigo daga baya.

Gina wasan

Kar ku rubuta shi kalma da kalma. Yawancin 'yan wasanku ba da takarda suka saba ba, kuma da ka basu hadda maganarsu zata bushe ta koma irin ta littafi. Ku yarda kan fitowa uku ko huɗu, a san inda kowace ta fara da inda ta tsaya, sauran a bar ma bakinsu. Duka wasan kar ya wuce minti goma sha biyar, sabida za'a maimaita shi.

A misalinmu, fitowa ta ɗaya a gida: Tanko da matarsa Lantana, tana cewa Malam kar a saida akuyar nan, ita kenan ta rage, yana cewa ki yi haƙuri sunana na cikin takarda, da idona na gani. Ta biyu a wurin rabo: layi, rana, wani ya zo da mota an loda masa buhu ashirin ta ƙofar baya, Tanko ya matsa yace ranka ya daɗe tun asuba muke nan, mai rabo yace bawan Allah ya ƙare, ka dawo wani satin. Maƙwabcinsa Ɗanjuma na tsaye, ya samu buhu ɗaya, ya sunkuyar da kai. Ta uku a ƙofar gidan mai unguwa, Tanko ya kai kuka an ce yayi haƙuri kar ya jawo ma gari fitina. Ta huɗu a kasuwa gaban buhunan, kuɗinsa ko rabin buhu basu kai ba. A nan wasa ya tsaya.

Akwai abu biyu da in kuka kuskure su wasan ya mutu. Na farko, Tanko dole ya zama mai ƙoƙari, yana son abu yana nema yana bugawa ana kayar da shi. In kuka mai da shi abin tausayi kawai wanda ke kuka daga farko har ƙarshe, 'yan kallo zasu ce Allah sarki su share hawaye su tafi, ba wanda zai ji yana so ya shiga ya gyara. Na biyu, kar ku mai da mai rabo dodo mai zare ido da ƙaton ciki na matashin kai. Azzalumi na gaske yana gaisuwa, yana tambayar iyali, yana cewa in sha Allahu, yana da hujja kuma shima yana da na sama da shi da yake tsoro. Ku ba wannan rawar ma wanda ya fi kowa iya wasa a cikinku, kuma ku sha gwaji da shi: kowa ya zo masa da dabara daban, wannan da lallashi, wancan da barazana, wani da taron mutane, shi kuma ya nemi yadda na gaske zai kuɓuce. In ya cika saurin sallamawa kun yaudari mutane, in kuma ya zama dutse baya motsi ko kaɗan kun karya musu gwiwa, tsakiya ake nema kuma sai da gwaji ake samunta.

Ku sa waƙa da kiɗa. Waƙa ɗaya mai amshi mai sauƙi da ku kuka ƙirƙira, ita zata tara mutane a farko kuma ita yara zasu riƙa yi a gari bayan kun tafi.

Kar ku ƙarasa wasan

Nan ne zuciyar abin gaba ɗaya, kuma nan ne ya bambanta da diramar da muka saba gani a talabijin inda a ƙarshe ake kama mugu a kai shi gaban alƙali kowa ya ji daɗi. Ku naku wasan a kan kaye zai tsaya, Tanko ya rasa, ba wanda ya zo ya cece shi. Sai a ce da jama'a za'a sake daga farko, duk wanda ya ga wurin da Tanko zai iya yin wani abu daban ya ɗaga murya yace "Tsaya!", 'yan wasa su daskare, shi kuma ya fito ya karɓi hular Tanko ya gwada dabararsa a aikace, ba daga inda yake zaune ba.

Wata mata ce ta koya ma Boal wannan a ƙasar Peru a 1973, lokacin yana aiki da wani shirin yaƙi da jahilci. A lokacin tsarinsa shine 'yan kallo su ba da shawara 'yan wasa su aikata. Wasan akan wata mata ne da mijinta ya bata takardu ta ajiye yace na gida ne, ita bata iya karatu ba, ashe wasiƙun farkarsa ne. Wata mata a cikin 'yan kallo tace a zauna da mijin a yi masa magana ƙarara sannan a yafe masa, 'yar wasa ta gwada, matar tace ba haka nake nufi ba, aka sake, tace ba haka ba, har ta fusata zata fita. Boal yace to ki hau ki nuna mana. Ta hau ta damƙi mai fitowa a mijin ta nuna masa maganar ƙarara da tsintsiya a hannu, sannan ta aike shi ya kawo mata abinci. Daga ranar ya gane cewa abinda ke cikin mutum ba mai iya fito da shi sai shi.

To haka zaku gani a filinku. Wani zai shigo yace shi bazai je layi shi kaɗai ba, sai ya kira manoma goma su tafi tare, ku bar shi ya kira su daga cikin 'yan kallo a ga ko zasu taso. Wata zata karɓi rawar Lantana tace a tara kuɗin adashi a sayi taki tun rani kafin yayi tsada. Wani saurayi zai ce a karanta sunaye da ƙarfi a gaban kowa ana ƙirga buhu. Wani zai karɓi rawar Ɗanjuma ya ɗago kai yace nima na ga motar. Kowace dabara mai rabo zai tura ta baya iya ƙarfinsa, jama'a na kallo suna auna wacce ta tsaya wacce ta faɗi.

Ɗan tsakiya

Dole akwai mutum ɗaya tsakanin 'yan wasa da 'yan kallo, Boal ya kira shi joka, irin na karta da baya cikin kowane gida, ni ɗan tsakiya nake ce masa. Shine zai yi sallama ya faɗi ƙa'ida, ya kira mutane, ya tsayar da wanda ya zarce, kuma bayan kowane gwaji ya juya ga jama'a ya tambaya: ya ci nasara? Me ya samu, me ya rasa? A garin nan hakan zai yiwu? Aikinsa tambaya ne, ba ba da amsa ba, kuma gaskiya wannan shine aiki mafi wuya musamman ga irinmu da muka saba in mun riƙe lasifika sai mun yi nasiha. In ka ji bakinka na ƙaiƙayin cewa "to jama'a darasin da muka koya", ka haɗiye.

Ƙa'idojin da zai riƙe kaɗan ne. Ba'a maye gurbin mai rabo da mutumin kirki, sabida a zahiri bazaka wayi gari ka ga ya canza hali ba. Ba'a yarda da mafitar mafarki ba, irin wanda zai shigo yace shi gwamna ne ya zo ziyarar bazata, ko ya tsinci kuɗi a hanya, ɗan tsakiya ya tambayi jama'a wannan zai faru? su da kansu zasu ce a'a. Ba duka na gaske, in wani ya ɗauko sanda a tsayar a tambaya, to bayan ya buge shi sai me, wa zai kwana a ofishin 'yan sanda, wa zai ci da yaransa? Kuma ya lura da waɗanda basu magana, tsofaffi da mata da na bayan fili, ya je kusa da su ya ce Baba kai fa me ka gani, Inna ke fa? In mutum na jin kunyar fitowa shi kaɗai a ce ya zo da abokinsa.

Wuri, lokaci da izini

Ba kwa buƙatar dandamali ko labule. Filin makarantar firamare, ƙofar gidan mai unguwa, gindin bishiyar da ake hira, bakin kasuwa ranar da bata ci, a zana da'ira da toka yara su zauna gaba manya a baya, shikenan. Bayan la'asar ya fi, ku lissafa yadda zaku gama kafin kiran magariba sabida da an kira sallah taro ya watse kuma tattaunawar ita ce rabin aikin. Da damina kar ku sa ranar da kowa ke gona. Kayan wasa hula ce da zani da buhu da kujera ɗaya.

Ku je wurin mai unguwa ko dagaci da liman tun kafin ranar, da dattijon cikinku a gaba, ku faɗi gaskiyar abinda zaku yi ku gayyace su. In taron zai yi girma ku sanar da 'yan sanda. A Kano akwai hukumar tace fina-finai da ɗab'i tun 2001, ku je ku tambaya ko abinda zaku yi ya shafe ta kafin ku fita fili. Wasu matasa na ganin neman izini kamar ragwanta ne, ni ban yarda ba, ku ne zaku tafi gida amma 'yan wasanku a garin zasu kwana.

Maganar mata kuwa ku bi yadda garin yake. Wurare da yawa mace bazata fito gaban maza tayi wasa ba kuma tilasta ta cutarwa ce, to sai a yi na mata zalla a tsakar gida, 'yar tsakiya mace, 'yan wasa mata, su su fito a matsayin mazan ma da hula da babbar riga kamar yadda ake yi a tashe. Maganganun da ke fitowa a irin wannan zaman, na ciyarwa da saki da gadon marayu da kuɗin aikatau da ake riƙe ma yarinya, bazaka taɓa jinsu a filin gari ba.

Hatsarin da ke ciki

Ba zan ɓoye muku ba, wannan wasan in ya yi kyau yana taɓa masu iko. A ƙauyen Kamiriithu kusa da Limuru a Kenya, manoma da leburorin masana'anta sun gina filin wasa da hannunsu mai ɗaukar mutum sama da 2,000, suka haɗa wasa da harshensu na Gikuyu tare da marubuta biyu, Ngugi wa Thiong'o da Ngugi wa Mirii, ana gwaji a fili kowa na gyara magana yana cewa ba haka ake yi a wurin aikinmu ba. Aka fara nunawa a Oktoban 1977, a Nuwamba gwamnati ta janye lasisi, a ƙarshen Disamba aka kama Ngugi wa Thiong'o aka tsare shi kusan shekara ba shari'a, a 1982 kuma aka zo aka rushe filin. A Indiya an far ma wani mai shirya wasan kwaikwayo, Safdar Hashmi, ranar 1 ga Janairun 1989 yana tsakiyar wasan titi a unguwar ma'aikata kusa da Delhi, ya rasu washegari, 'yan ƙungiyarsa suka koma wurin bayan kwana biyu suka ƙarasa wasan. Shi kansa Boal sojojin Burazil sun kama shi sun azabtar da shi a 1971 kafin ya tafi gudun hijira Ajantina.

Shi yasa ku kiyaye. Kar a kira sunan kowa na gaske, kar a kwaikwayi tafiyar wani ko muryarsa yadda kowa zai gane shi, halin ake nunawa ba mutumin ba. Wanda ya ba da labarinsa kar ya fito a rawar kansa, kuma a canza abubuwan da zasu tona shi, ku tambaye shi kafin ranar ko ya yarda a nuna. Sannan waya: yanzu kowa na ɗaukar bidiyo, minti ɗaya da aka yanko aka ɗora a TikTok ko Facebook zai iya jawo ma mace saki ko ya sa a kori mutum daga aiki, to ɗan tsakiya ya roƙi jama'a tun farko a ajiye waya lokacin da 'yan kallo ke shigowa, a zaman mata kuma a hana gaba ɗaya. Lokacin zaɓe ku yi nesa da tutar kowace jam'iyya, da an ce wasan 'yan wane ne rabin gari sun daina jinku.

Kuɗi ma hatsari ne irin nasa. Ƙungiyoyi masu zaman kansu na son irin wannan wasan, wasu na zuwa da niyya mai kyau, amma da yawa saƙonsu a shirye yake tun daga ofis, su raba riguna da kuɗin mota a buga wasan wanke hannu alhali mutanen garin abinda ke hana su barci daban ne. In zaku karɓi tallafi ku yi sharaɗi tun farko cewa jama'a ne zasu zaɓi abinda za'a yi wasa a kai. In ba'a yarda ba ku yi karo-karo a tsakaninku, abinda kuke buƙata bai wuce ruwan sha da goro da ɗan abinda za'a ba mai kiɗa ba.

Bayan an tashi

Ku sa mutum ɗaya tun farko da littafi da biro, aikinsa kawai ya rubuta duk dabarar da aka gwada da abinda jama'a suka ce a kanta. Kafin a watse ɗan tsakiya ya karanto su ya tambaya wacce za'a fara da ita, wa da wa zasu ɗauka, yaushe. Boal da ya zama kansila a birnin Riyo na Burazil daga 1993 zuwa 1996 haka ya riƙa yi, ƙungiyoyin unguwanni na buga wasa ana tattara shawarwarin 'yan kallo ana mayar da su ƙudiri, har guda 13 suka zama doka. Ku ba sai kun kai majalisa ba. A misalinmu yana iya zama mutum biyar da zasu je wurin mai kula da aikin gona na ƙaramar hukuma su nemi a liƙa sunaye a bango kafin ranar rabo, ko mata goma da zasu fara adashin taki daga watan da aka girbe. Ku sa ranar dawowa a nan take, sati biyu ko uku, a wuri ɗaya, waɗanda suka je su zo su faɗi abinda aka ce musu. In an kore su ko an yi musu alƙawarin baka, wannan zuwan nasu shine fitowar farko ta wasa na gaba, a tsayar da hotonsa a ga wa ya zauna wa ya tsaya a ofishin, a sake kiran jama'a.